KARE DA TALLAN TSIRE: Matan Da Ke Gasa Wa Karnukansu Kek Ɗin Hanta

 Na san da yawanku kun buɗe shafin nan ne kuna sa ran ganin yadda ake haɗa farfesun da zai sa maigida ya manta hanyar majalisa. To ku yi haƙuri, girkinmu na yau bai shafi maigida ko surukai ko saurayi mai zuwa zance ba. Na kare ne. E, kare dai da kuka sani mai haushi. Kafin wata ta ja tsaki ta juya shafi ina roƙon ta ba ni aron minti goma, don ni ma tsakin na fara ja.

Wata 'yar gwaggona ce da ke aure a birnin Bamingam na ƙasar Ingila ta zo ganin gida. Muna zaune a tsakar gida da daddare ana hira, sai ta kawo mana labarin maƙwabciyarta, wata dattijuwar Baturiya wadda mijinta ya rasu, 'ya'ya duk sun watse, daga ita sai karenta. Ta ce wata ranar Asabar ta shiga kai mata wasiƙar da aka jefa musu bisa kuskure, sai ta tarar ƙamshin gashi ya cika gidan, ga tire an sauke daga obin, abu ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar kek ɗin cakulan, an yayyanka shi mitsi-mitsi. Ta ce wallahi har ta gyara zama tana tunanin yadda za ta ƙi ci cikin ladabi tunda ba ta san da me aka yi ba, sai kawai ta ga matar ta ɗauki guda ta kira kare. Ya taho da gudu, ya zauna a gabanta, ya miƙo ƙafa ɗaya kamar mai gaisuwa, ta jefa masa ya cafe.

Ai kuwa sai gida ya ɗauki dariya, har da masu faɗuwa daga kan tabarma. Kakarmu ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan ki ji tsoron Allah. Kek ɗin? Kare? Oh ni jikar mutum huɗu, abin mamaki kare da tallan tsire!"

Yaya ta ce, "Wallahi Kaka da idona na gani. Har na tambaye ta abin da ta sa a ciki, ta ce hanta ce da ƙwai da fulawa da ɗan ruwa. Na ce ba albasa, ba gishiri, ba magi? Sai matar nan ta zaro ido kamar na ce ta zuba fiya-fiya, ta ce albasa ai kashe kare take yi."

Nan tawa dariyar ta tsaya cak. Duk gidan ba wanda ya lura sai Yayana namiji, wanda ya ɗago kai muka haɗa ido kowa ya sunkuyar. Zan gaya muku dalili a gaba, amma bari mu faro abin daga tushe.

Ashe sana'ar yi wa kare biskit ta haura shekara 160 a duniya. Wanda ya bunƙasa ta wani Ba'amurke ne mai suna James Spratt, mutumin jihar Ohayo, ma'aikacin lantarki, wanda kasuwanci ya kai shi Landan. Labarin da ake bayarwa shi ne wata rana a tashar jiragen ruwa ya ga karnuka suna wawar busasshen biskit ɗin da matuƙa jirgi suka zubar, irin mai taurin nan da ake guzuri da shi na watanni. Kun san ɗan kasuwa, abin da wani zai gani ya wuce shi kuɗi yake hangowa. Wajen shekarar 1860 ya fara haɗa nasa da garin alkama da kayan lambu da nama, ya gasa, ya riƙa sayar wa attajiran Ingila masu karnukan farauta. A cikin yaran da ya ɗauka aiki akwai wani Charles Cruft, wanda daga baya, a 1891, ya kafa gasar baje kolin karnuka da ake kira Crufts. Har yanzu ana yin ta duk shekara a can Bamingam ɗin, Yaya ta ce idan lokacin ya zo otal-otal cika suke yi da mutane da karnukansu. A Amurka kuma, a 1908 wani kamfanin biskit a birnin Niyok ya fito da mai siffar ƙashi, wanda aka sani da Milk-Bone. A 1989 sai ga gidan gashi sukutum na karnuka zalla a birnin Kansas, sunansa Three Dog Bakery. Wato dai yadda muke da gidan biredi, haka su ma karnuka suka samu nasu.

To tambayar da na yi wa kaina ita ce, tunda ga shi nan jibge a kanti, me zai sa mace ta ɓata Asabar ɗinta tana markaɗa hanta? Dalili na farko tsoro ne. A watan Maris na 2007 karnuka da kyanwoyi suka riƙa kamuwa da ciwon ƙoda a Amurka da Kanada, da yawa suka mutu. Da aka bincika sai aka gano an gauraya wani sinadari mai suna melamin a cikin garin da aka shigo da shi daga ƙasar Sin ana haɗa abincin dabbobi. Melamin ɗin nan shi ne ake yin farantan roba masu taurin nan da ke cikin kayan jerenmu. An zuba shi ne don in an auna garin a ga kamar yana da sinadarin gina jiki da yawa. Miliyoyin gwangwanaye da fakiti aka janye daga kasuwa. Tun daga nan mata da yawa suka ce gara abin da hannunsu ya kwaɓa, sun san me ke ciki. Dalili na biyu kuwa horo ne. Kare ba ya jin wa'azi, lada yake ganewa. In kina so ya koyi zama, ko ya dawo in an kira shi, ko ya daina yi wa baƙi tsalle, sai ya yi daidai ki ba shi ɗan abu nan take, kuma dole abin ya zama wanda zai bar komai saboda shi. A wurin masu horar da karnuka a Ingila kek ɗin hanta ya yi suna a wannan aikin. Wannan kam ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mafarautanmu tun kaka da kakanni sun san a jefa wa kare kayan cikin abin da ya kamo, kuma su suka ce ba a kiwon kare ranar farauta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rashin kayan ɗanɗano. Mu ai an raine mu ne a kan cewa girkin da ba albasa ba tafarnuwa ba ɗunƙule, girkin ƙazamar mace ne, har saki ana yi a kansa. Ashe shi kare daɗinsa a hanci yake. Ƙwayoyin ɗanɗanon da ke harshensa wajen 1,700 ne, namu kuwa wajen 9,000. Amma a hanci ya yi mana fintinkau, nasa ƙwayoyin jin ƙamshi sun kai ɗaruruwan miliyoyi, namu 'yan miliyoyi ne kawai. Shi ya sa ƙarnin hanta ko na kifi da ke sa ki toshe hanci, shi a wurinsa ya fi turaren wuta na amarya.

Ga yadda ake kek ɗin. Ki samu hanta rabin kilo, ta saniya ko ta rago ko ta kaza duk ɗaya ne, ki wanke ki yanka ƙanana, ki markaɗa a bilenda da ƙwai 2 har ta zama kamar ƙullin ƙosai. In ba bilenda ki ɗan tafasa ta ki daka a turmi. Ki juye a roba, ki zuba fulawa kofi 2, in da garin alkama ya fi, ki juya da muciya, in ya yi tauri ki ɗan yayyafa ruwa har ya zama kamar kwaɓin kek mai kauri. Ki shafa mai kaɗan a tire ki zuba ki baje shi kada ya yi tudu, ki sa a obin mai zafin digiri 180 na minti 30 zuwa 40. In kin soka wuƙa ta fito ba danshi, ya yi. Ki bari ya huce sarai sannan ki yanka shi kamar girman kan yatsa. Wadda ba ta da obin ta yi yadda muke gasa kek ɗin sallah, tukunya da yashi a ƙasa, wuta kaɗan, garwashi a kan murfi. Gargaɗi ɗaya, ki buɗe taga, don ƙarnin hanta a cikin zafi ba ya jin kunyar kowa.

Ba ya daɗewa fa. A firij kwana 3 zuwa 4 ne, a firiza yana kai wata 3. Mu da wuta ba ta zama mana, dabara ita ce bayan kin yanka ki mayar da shi kan wuta ƙasa-ƙasa har ya bushe ƙarau kamar cincin, don danshi ne ke jawo fumfuna. Ko da hakan ki riƙa yin kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma na kifi, shi ne biskit sosai. Ki dafa dankalin Hausa ko kabewa ki dame kamar kofi 1, ki sa kifin gwangwani guda bayan kin tsiyaye man da ruwan gishirin, ko busasshen kifi da kika cire wa ƙaya kika daka, da ƙwai 1, da fulawa wajen kofi 2. Ki murza har ya daina kama hannu, ki baje shi da kwalba yadda ake wa cincin, ki yanka ko ki fitar da shi da murfin kwalba, ki gasa minti 25 zuwa 30, sannan ki kashe wuta ki bar shi a ciki ya ƙarasa bushewa. Yaya ta ce matan can har abin yanka mai siffar ƙashi suke saya. Wannan dai don farin cikin mai gashin ne, kare bai taɓa duba siffar abin da zai haɗiye ba.

Yanzu bari in cika alkawari. Muna da wani baƙin kare na gadi, Duna muke ce masa. Yayana ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo bayan ɓarayi sun haura mana sau biyu a damina ɗaya, kuma tun da ya girma ko takalmi ba mu sake rasawa ba. Yana can ɗakinsa a bayan gida, sai dare a sake shi. Ni ce mai kai masa abinci, don ni kaɗai ce a matan gidan ba na tsoronsa. In na dawo daga makaranta tun daga kan kwana yake gane tafiyata.

Shekarar da na gama sakandare aka yi bikin yayata. Masu girki suka yi miyar albasa ta cin kaji da soyayyar shinkafa, albasar ma buhu aka saya. Bayan taro ya watse sai ga ragowa mai yawa a gindin tukwane, ta fara tsami, mutane ba za su ci ba. Ni kuma a zuciyata na ce kowa ya ci daɗin biki ban da Duna, alhali shi ya kwana tsaron kayan lefe. Kwana uku ina kwasar miyar nan ina kwaɓa masa da shinkafa, yana lashewa yana kaɗa jela, ni kuma ina jin na yi abin kirki.

Bayan kwana biyu da ƙarewarta na kai masa abinci ya ƙi tashi. Yana kwance yana haki kamar wanda ya yi gudu, fitsarinsa ya yi ja kamar zoɓo. Nan da nan aka ce guba aka ba shi. Yayana bai tsaya wata-wata ba ya tafi ya ci kwalar wani yaron maƙwabtanmu da suka taɓa yin cacar baki a kan haushin Duna, har iyaye suka shiga, aka yi baram-baram. Da yamma aka samo likitan dabbobi. Ya ɗaga leɓen karen ya nuna mana dasashinsa fari fat kamar takarda, sannan ya juyo ya ce, "Wa ke ba shi abinci?" Na ce ni ce. Ya ce, "'Yan mata, me kika ba shi a makon nan?" Na faɗa masa har da ɗan alfaharina. Mutumin nan ya yi shiru, sannan ya yi mana bayani a hankali yadda ba zan ji zafi ba, amma ina!

Ya ce albasa da tafarnuwa suna da wani sinadari da jikin ɗan Adam ke iya sarrafawa, na kare kuwa ba ya iyawa. Yana farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa ne, shi ya sa fitsarin ya yi ja, dasashin ya yi fari. Dafawa ko soyawa ko busarwa ba sa kashe shi. Albasa matsakaiciya guda, wajen giram 100, ta isa ta taɓa karen da ya kai kilo 20, tafarnuwa kuma ta fi ta ƙarfi. Mugun abin shi ne ba a gani nan take, sai bayan kwanaki, lokacin kowa ya manta abin da aka ci. Ya yi masa allurai ya sa masa ruwa, ya ce da da hali ƙarin jini ya kamata. Da asuba Duna ya mutu. Yayana ya wanke ƙafa ya je ya ba yaron nan haƙuri a gaban mahaifinsa, ni kuwa na yi mako ba na iya yanka albasa, in an tambaye ni in ce ita ce ta sa ni hawaye.

Ba albasa kaɗai ba ce. Kilishi da tsire da dambun nama duk yajinsu akwai tafarnuwa da gishiri mai yawa, ɗunƙulen magi ma cike yake da gishiri. Cakulan yana da tiyoburomin, wanda ke hargitsa bugun zuciyar kare har ya kai shi ga farfaɗiya, kuma baƙin cakulan ya fi haɗari. Inabi da zabibi suna iya kashe masa ƙoda ko da 'yan kaɗan ne. Cingam marar sukari da wasu markaɗaɗɗun gyaɗa na kwalba da ake shigowa da su suna da zailitol, mai faɗar da sukarin jininsa cikin ɗan lokaci, saboda haka ki karanta jikin kwalba. Gyaɗa ko masara ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna kada ki ce bari a ba kare don kada a yi asara, dafin fumfunar hanta yake ci. Ɗanyen ƙullin fanke mai yis yana ci gaba da kumbura a cikinsa. Sai ƙashin kaza dafaffe, wanda duk mun ɗauka shi ne haƙƙin kare a duniya, alhali tsagewa yake yi kamar tsinke ya soke maƙogwaro ko hanji. Ita kanta hantar in ta yi yawa cuta ce, don tana da bitamin A fiye da kima. Ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce duk irin wannan kayan ƙwalama kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare ke ci a rana.

Na san abin da wata ke faɗa a ranta, don ƙawata ta faɗa mini ƙiri-ƙiri: "Ke yanzu mutane na neman na tuwo, almajirai na yawo da roba, ki zo kina koya mana yi wa kare kek?" Maganarta tana kan hanya, kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai ɓangaren abin nan da ban yarda da shi ba. Yaya ta ce akwai masu yi wa kare bikin zagayowar ranar haihuwa, da kek mai hawa da hula da gayyatar karnukan unguwa. Wannan a wurina almubazzaranci ne, ko da yake da na tuna dattijuwar nan da ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa sai in wasiƙa ta ɓata hanya, sai na ji bakina ya yi sanyi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma 'yar hantar da ba ta kai kuɗin jan baki ba, wadda za ta isa horon wata guda, ga dabbar da ke kwana ido biyu don ki yi barci, ban ga ɓarna a ciki ba. In ma ba za ki gasa komai ba har abada, ki ɗebar masa tuwonsa ko shinkafarsa kafin a zuba miya, wannan ko sisi ba za ki kashe ba.

Ta fuskar addini ni ba malama ba ce, ku ƙara tambayar malamanku na Islamiyya. Abin da aka karantar da mu dai shi ne an yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da yawa sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai. Kuma duk mun san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare mai ƙishirwa ruwa. Wanda ya ajiye dabba, cinta da shanta suna wuyansa. Ki ware masa kwanonsa daban, ki wanke hannu da sabulu bayan kin ba shi.

Ƙannena 'yan makaranta, ku kuma ga naku. Duk abin nan da na faɗa na karen gida ne da aka sani, wanda aka yi wa allurar rigakafin haukan kare. Kada wata ta ga karen bola ta ce tausayi ya kama ta ta miƙa masa abu da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In kare ya cije ki ko ya yakushe ki, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti ranar, kada a tsaya jiran ganin alama, don in alama ta fito magani ya ƙare. Kuma kada ki ɓoye wa Mama don tsoron faɗa.

Bayan Yaya ta koma Ingila na gwada kek ɗin, don Yayana ya sake kawo wani kwikwiyo ja wanda har yau ba mu daidaita a kan sunansa ba. A tukunya da yashi na yi, gefe ɗaya ya ɗan ƙone. Cikin mako biyu ya koyi zama in na ɗaga yatsa. Ragowar na busar na zuba a gwangwanin madara na ɗora a kan kabad, sai washegari na ga ya ragu da yawa. Ina cikin bincike sai ga autanmu yana goge baki, wai shi Anti cincin ɗin nan naki da daɗi amma kin manta gishiri. Kaka ta yi salati ta sa aka ba shi ruwa ya kurkure baki har sau bakwai, duk da na rantse mata hantar ragon layya ce kuma karen ko sansana gwangwanin bai yi ba. Yanzu na rubuta NA KARE NE da jan biro na manna a jiki.